Kuɗin Cizon da Na Yi Kiwo a Kwalba

Ba zan faɗi sunana ba, domin akwai mutane a Kano da muke amsa shi tare, su kuwa ba su yi wa kowa laifi ba. Abin da nake so ku fara sani, ku matasa, shi ne ban taso da hannun ɗauka ba. A Ingila aka haife ni lokacin da mahaifina yake karatu, aka koma da ni gida ina goye, na yi allo na yi boko kamar kowa. Da na girma sai jan fasfon nan na Ingila ya tuna mini ina da wata ƙasa, na tattara na taho Manchester a farkon shekarun dubu biyu, wai zan zama akanta kamar Baffana, ƙanin mahaifina, da ke zaune da iyalinsa a Whalley Range. Karatu bai yiwu ba. Na kama ɗaki a Gorton, cikin gidajen nan da ke manne da juna, ina gadin wani kanti da rana. Juma'a ba ta wuce ni, kuma ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba.

Abin ya faro ne da cizo na gaskiya. Na je Birmingham ɗaurin auren wani abokina, na kwana a wani otal mai araha, na wayi gari hannuna da wuyana sun yi rudu-rudu, ƙuraje a jere bi da bi. Ban bukaci kowa ya gaya mini ko mene ne ba, na yi makarantar kwana. A wurinmu idan kuɗin cizo ya cije ka, ɓoyewa kake yi, ka ja hannun riga ka rufe, ka jira ido ya ragu ka fitar da katifa rana. Don haka da na sauko wurin kantar karɓar baƙi, murya ƙasa-ƙasa na yi magana, har da ba da haƙuri, kamar ni na kawo su. Ina cikin haka sai ga manaja ya fito da sauri, fuskarsa ta yi ja. Ya yi ta ba ni haƙuri, ya mayar mini da kuɗin ɗaki, ya kuma rubuta mini takarda ya sa hannu. Na fito ina juya takardar, kaina a ɗaure, ban san wanda ya kamata ya ji kunya a cikinmu ba.

Wani Bature da muke gadi tare shi ya ga hannun nawa ya ce in ɗauki hoto, in je likita ya rubuta, sannan in nemi irin lauyoyin nan da ake ta tallarsu a talabijin a lokacin, waɗanda ba sa karɓar komai sai an ci shari'a. Na je, don dai in ga ƙarshen abin. Lauyan ya tambaye ni ko na shiga damuwa, na ce ƙaiƙayi ne kawai. Ya tambaye ni ko barcina ya ragu, na ce to, mai susa ai ba ya barci sosai. Daga waɗannan amsoshi biyu mutumin nan ya cika shafi biyu. Bayan 'yan watanni aka aiko mini da diyya, ba a ma je kotu ba. Na zauna a bakin gado ina kallon takardar banki, ina tambayar kaina ko halal ce. Har yau ina jin ta farkon nan halal ce, ko da yake ban taɓa kai tambayar gaban malami ba, don ina tsoron ya yi mini wasu tambayoyin.

Ashe ƙwarin sun biyo ni gida a cikin jaka. Wata Asabar na ɗaga katifata na same su sun yi layi a bakin ɗinki. Na tafasa ruwa a buta, na zo na tsaya a kansu, sai hannuna ya ƙi zubawa. Na ce bari in ajiye kaɗan saboda shaida, ko lauya zai nema, alhali shari'ar ta riga ta ƙare, ni ma na sani. Na ɗauko tsohuwar kwalbar turare, na tsince su da tsinke na zuba, na rufe bakin da ƙyalle mai shara-shara. Sauran na ƙona su da ruwan zafi kamar mutumin kirki.

Abin da ke kwalba kuwa yana bukatar ci. Duk bayan 'yan kwanaki sai in kifa bakin kwalbar a damtsena, in kau da kai, su sha ta cikin ƙyallen. Da na lura ba sa son haske, sai na naɗe kwalbar da baƙin ƙyalle na ɗaure da zare. Ni da ko akuyar Sallah ban taɓa iya kula da ita ba, ga ni ina kiwo da jinina, har ina damuwa idan ɗaki ya yi sanyi.

Yadda nake yi ba shi da wuya, kuma ba don in koya muku nake faɗa ba, don ku ga arharsa ne. In kama ɗaki a ƙaramin otal, in saki kaɗan a ƙarƙashin matashi, in kwanta in ba su jikina. Da safe in ɗauki hoto, in kama ɗaya ko biyu in nuna a kanta, in wuce wurin likita, in nemi sabon lauya. A wani wuri in rubuta sunan mahaifina, a wani sunan kakana, duk dai nawa ne, don haka nake gaya wa zuciyata ban yi ƙarya ba. Yawanci kamfanonin inshora sun fi son su biya a rufe magana da a ce sunan otal ya fita. Na ajiye aikin gadi. Da Baffa ya tambaye ni abin da nake ciki, na ce ina ɗan taɓa kasuwanci, ya yi mini kallon akanta. Abin da nake lallashin kaina da shi shi ne inshora ba mutum ba ce, ba ta da uwa, ba ta da fuska, ba wanda zai kwana da yunwa saboda ni.

Haka nake har na sauka a wani otal kusa da unguwar Perry Barr a Birmingham. Da la'asar ne, ina tsaye a ƙofar ɗaki ina waya da Hausa, sai wata mata mai tura keken zannuwan gado ta tsaya cak.

"Ɗan waye ke Hausa a floor ɗina?" in ji ta.

Sunanta Mma Adiza, 'yar zangon Kumasi ce, za ta yi sa'ar mahaifiyata. Ta daɗe tana aiki a otal ɗin, kuma tsabtar ɗakunan benen nan duka a hannunta take. Na durƙusa na gaishe ta, ban ma san na yi ba. Ta tambayi garinmu da gidanmu da wanda nake da shi a ƙasar nan. A kantar otal sunan kakana na rubuta, amma da babbar mace ta tambaye ni asalina da harshen uwata, sai bakina ya zubo gaskiya duka, har sunan Baffa da unguwarsa. Ta nuna mini alƙibla, ta ce abincin otal ɗin ba ya riƙe ciki, ta tafi. Jim kaɗan ta dawo da kwano mai murfi, shinkafa da wake irin dafuwarsu da baƙin yaji da dafaffen ƙwai, abincinta ne na wurin aiki. Na ce na ƙoshi, ta ce ba ta tambaye ni ba. Rabona da abinci mai daɗin wannan tun ina gida, na cinye tas, kwalbar tana cikin aljihun wandona.

Na yi niyyar fasawa, Allah ne shaidata. Na ɗauki jakata har na kai bakin ƙofa. Sai na tuna na riga na biya ɗaki, na tuna inshora ce za ta biya, na ce ina ruwan tsohuwa mai shara da maganar lauyoyi. Na ajiye jakar, na kwance zaren.

Da safe ita ta fara ganin hannuna. Ta yi salati, ta saki abin da ke hannunta, ta yaye zanin gado, ta kifa katifa ita kaɗai. Ta bi bakin ɗinki da yatsa tun daga kai har ƙafa, ta sunkuya ta shinshina. Ta ce ba ta gane ba, ɗakin da kuɗin cizo ya zauna yana da wari, yana da baƙaƙen ɗigo, ita ta san su tun tana yarinya, nan kuwa babu ko ɗaya, amma ga ƙwari tana gani da idonta. Ta tsaya tana kallon katifar, ni ina kallon ƙasa.

"Sannu, ɗana," ta ce. "Yi haƙuri. Ɗakin nan amanata ce, laifina ne."

Na sauka wurin manaja na yi abin da na saba, na fita sayen maganin shafawa, na ɗan zaga gari don ƙurajen su ƙara tashi kafin hoto na biyu. Da na dawo babu jakata. Ashe Mma Adiza ce ta ɗauke ta lokacin hutunta, ta kai gidanta da ke kusa, ta wanke kayana da tafasasshen ruwa, ta busar, ta bi kowane ɗinki da dutsen guga, don kada in kai ƙwari gida. Ba ta tambaye ni ba, kamar yadda uwa ba ta neman izinin wanke kayan ɗanta. Ta kawo su a ninke suna ƙamshi. Sannan ta ciro wani abu daga jakarta ta miƙo mini da hannu biyu, baƙin ƙullin nan ne da na cusa cikin safa.

"Na ga maganinka na gida," ta ce a hankali. "Ban buɗe ba. A kan gadona na ajiye shi har na gama guga, ba wanda ya taɓa."

Ta ɗauka irin tsarin da iyaye kan haɗa wa ɗa mai tafiya ne, abin da ba a buɗewa, ba a tambaya. Na karɓa na yi godiya. Sai a cikin jirgin ƙasa na duba na ga ƙyallen bakin kwalbar ya zame, rabin abin da ya rage a ciki babu.

Sabon lauyana ya tambaye ni ko akwai ma'aikacin otal da ya amsa laifi. Na faɗa masa abin da ta ce da abin da ta yi. Mutumin ya gyara zama kamar an ba shi kyauta. Na yi ƙoƙarin fahimtar da shi cewa a wurinmu ko tuntuɓe baƙo ya yi a ƙofar gidanka kai ne za ka ba shi haƙuri, ba wai ka amsa laifi ba ne, girmama baƙo ne. Ya ce shi abu ɗaya yake son ji, ta faɗi kalmomin ko ba ta faɗa ba. Na ce ta faɗa. Ta fita da kayana daga otal ko ba ta fita ba. Na ce ta fita. Ya turo mini takarda. Na karanta ta sau uku ina neman ƙarya ɗaya da zan kama in ce a cire, ban samu ba, kowane layi gaskiya ne, amma na san takardar gaba ɗayanta ƙarya ce. Na kasa gane yadda aka yi haka, na sa hannu.

Takardar nan ita ta kori Mma Adiza daga aiki. Masu otal suka ce ta amsa laifi da sunan otal ba da izini ba, kuma ta fita da kayan baƙo. Kafin wata ya zagayo gidanta ya cika da ƙwari, sai da aka zo aka kwashe gadonta da kujerunta. Labari ya bazu cikin matan Hausawan Birmingham cewa an kore ta saboda ƙazanta, ga shi har gidanta ya nuna. Matar da a da ba a suna ko biki sai an kira ta girki, sai ga shi an daina ko zama kusa da ita a wurin taro. Duk wannan daga baya na ji.

Ita kuwa da ta haɗa gadon da ta ajiye ƙulli da inda ƙwari suka fara fitowa, ta gane. Ba ta je wurin 'yan sanda ba. Ta yi abin da aka saba a gida, ta nemi babbana. Wata Lahadi da rana Baffa ya kira ni Whalley Range, na shiga na same ta a kicin kan kujerar katako, ta ƙi zama a falo don kada ta bar musu wani abu a kujera. Ta rame. Na gaishe ta, ta amsa kamar kullum, har da tambayar hannuna.

"Alhaji, ban zo neman komai ba," ta ce wa Baffa. "Ya janye case ɗin, ya je ya gaya wa manager ɗakina ba datti. Aikin ma na haƙura. Sunana nake so."

Baffa ya juyo ya tambaye ni abin da ke cikin ƙullin. Lauya ya riga ya gargaɗe ni cewa wanda ya janye ƙara a tsakiya shi ake fara bincika. Ina tsoron kurkuku, ina tsoron idon Baffa, ina tsoron Allah, na rasa wanne zan sa a gaba, sai na zaɓi wanda ya fi kusa. Na ce magani ne. Ya ce in rantse, na rantse. Mma Adiza ta dube ni na ɗan lokaci, ba fushi a fuskarta, kamar dai wadda ke ƙoƙarin karanta rubutun da ya goge. Ta tashi ta yi wa matar gida sallama, ta ƙi karɓar kuɗin mota.

Wannan karon mai otal ya ƙi biya, aka je kotu. Mai feshin ƙwari ya ba da shaida cewa manya kawai ya samu a ɗakin, ba ƙwai ba 'ya'ya, kamar baƙi ne suka sauka jiya. Masu inshora suka fito da hotunan ƙararrakina na baya, suna daban-daban, hannu ɗaya, ga tabon ƙunar da na samu ina yaro a kowane hoto. Sannan aka kira Mma Adiza da tafinta. Ta rantse, ta faɗi abin da ta gani a safa, ba ta ƙara ba ta rage ba, ba ta kuma dubi inda nake ba. Alƙali ya kori ƙarata ya tura takardu ga 'yan sanda. Da suka bincika ɗakina a Gorton, kwalba uku suka samu a kan akwati, kowacce da baƙin ƙyallenta.

A kurkuku na zama abin dariya. Mai fashi da mai sayar da ƙwaya suna da waɗanda ke jin tsoronsu, ni kuwa duk wanda ya wuce sai ya yi susa ya ƙyalƙyale. Gadona tsaf yake, amma na yi wata da watanni ina farkawa ina yagar fatata. Baffa bai zo ba, ban kuma ga laifinsa ba, a gabansa na rantse. Limamin da ke zuwa mana ranar Juma'a shi na buɗe wa cikina. Ya ce tsakanina da Allah tuba ta isa in na yi ta da gaske, amma hakkin mutane sai masu shi sun yafe. Na tambaye shi yadda ake neman gafarar kamfanin inshora, da gaske nake tambaya, ya yi murmushi ya ce in fara da wadda na san fuskarta.

Da aka sake ni, kafin in nemi aiki na rubuta wa mai otal ɗin gaskiya, na kuma tsaya gaban dattawan masallacin su Mma Adiza a Birmingham na faɗi abin da na yi da bakina. Suka ce sun ji, amma an makara, mata sun riga sun sami wata mai girki, ita kuwa sharar ofisoshi take yi yanzu. Ɗaya daga cikinsu ya kwatanta mini gidanta.

Na yi sallama da hantsi. Ta buɗe, ta gane ni nan take, idonta ya sauka kan jakar da ke kafaɗata. Ta ce in ajiye ta can bakin titi. Na ajiye, na dawo na durƙusa a kan dandamalin ƙofa, na fara jawabin da na yi shekara ina haddacewa. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Abu ɗaya nake so in sani," ta ce. "Ranar da na kawo maka abinci, ka riga ka zuba su, ko sai bayan ka ci?"

Na ga ƙofar tsira a buɗe. Da na ce kafin ne, da ta ce ai ban san ta ba a lokacin, kuma ba mai ƙaryata ni a duniya.

"Bayan na ci ne, Mma."

Ta gyaɗa kai sau biyu, kamar wadda aka tabbatar wa abin da ta daɗe da sani. Ta koma ciki ta bar ni a durƙushe. Na ji motsin tukunya. Ta fito da kwano mai murfi, shi ne dai na ranar, ta ajiye a gabana a kan dandamali, ta ce wanda ya fito daga irin wurin nan yana bukatar abincin gida. Ta shiga ta rufe ƙofa, na ji ta murɗa makulli. Ban san ko yafewa ce ko kora ba, har yau ban sani ba. Na zauna a waje na ci ina kuka, mutane suna wucewa suna kallona. Na ƙwanƙwasa don in mayar da kwano, ba a buɗe ba.

Ku matasa, musamman ku da kuka taho ƙasashen nan kuna ganin komai takarda ce da kamfani, ku saurare ni. Babu cutar da ba ta sauka a kan mutum. Ka ce kamfani ka cuta, amma in ka bi sawun abin za ka tarar da wata tsohuwa da ta ba ka abincinta. Ku ji tsoron ƙaramin abin da kuke ajiyewa kuna cewa don shaida ne, ku ji tsoron takardar da kowane layinta gaskiya ne amma zuciyarku ta ƙi ta. In kun tsaya da butar ruwan zafi a hannu, ku zuba, kada ku nemi kwalba. Ni na tuba, ina aikin wankin motoci yanzu, ina cin gumina, ina roƙon Allah ya karɓa.

Kwanon yana wurina. A gidanmu an koya mini ba a mayar wa mutum kwanonsa haka nan, sai an sa wani abu a ciki. Shekara nawa ke nan ina wanke shi ina mayarwa kan kanta, har yanzu ban samo abin da zan sa wa Mma Adiza a ciki ba.